Wankan Dole a Ƙasar Holand

Ma'aikatarmu ta noman rani ce ta tura ni birnin Delft na ƙasar Holand domin in ƙaro ilimi a kan sarrafa ruwa, kuma ban daɗe da isa ba na gane cewa ni da mutanen ƙasar sana'armu ɗaya ce, sai dai kowa da inda ya sa gaba. Mu a Kadawa ta jihar Kano lallashin ruwa muke yi ya shigo gona, su kuwa shekaru aru-aru ke nan suna fama da shi ya fita, shi kuma yana nuna musu cewa a gidansa suka same shi. Ko filin jirgin saman Schiphol da muka sauka a kai, a da gindin wani babban tafki ne mai suna Haarlemmermeer, wanda aka gama tsotsewa a 1852 da manyan injinan tururi guda 3. Saboda haka da matuƙin jirgi ya sanar da mu cewa mun sauka, a ganina ya rage zance, domin mun sauka har mun zarce, muna fiye da mita 3 ƙasa da fuskar teku. Kusan kashi 26 cikin 100 na ƙasar haka yake, kuma mutane suna sharar barcinsu a ciki, ko a jikinsu.

A ajinmu akwai wani Bazazzagi, shi kaɗai ne nake jin Hausa a bakinsa a duk faɗin garin, kuma duk wanda ya san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi ya san cewa wannan ba rahama ce zalla ba. Shi ne ya kawo shawarar mu yi amfani da hutun ƙarshen mako mu je Kinderdijk, inda injinan iskar nan masu fikafikai suke, waɗanda ake bugawa a jikin kalanda da gwangwanin biskit. Na amince nan take, domin tun da na zo uwargida take ƙorafin cewa duk hotunan da nake aikawa a cikin aji ne ko a gaban kwamfuta, har ƙawayenta sun fara tambaya ko dai Kaduna aka tura ni. Don in rufe bakin kowa, ranar na ɗauko farar shaddata sabuwa fil, wadda aka ɗinka mini musamman saboda tafiyar, na kafa hula zanna bukar, na sa takalmin fata sau-ciki. Ƙarshen watan Agusta ne, rana ta fito tar, sai dai iska tana kaɗawa daga wajen teku kamar yadda ta saba.

Daga Rotterdam muka shiga jirgin ruwan haya mai tsayawa tasha-tasha a bakin kogi yana ɗaukar fasinja, da muka sauka kuma muka nufi wani shagon hayar keke. A Holand kekuna sun fi mutane yawa, kuma ba a ɗaukar hawansu a matsayin alamar rashi, tunda har Mark Rutte, wanda ya yi kusan shekara 14 yana firaminista, a kan keke aka saba ganinsa yana tafiya ofis. Ni kuwa keke ba baƙona ba ne. A kan Ralin mahaifina na koya tun ƙafata ba ta kai feda daga sirdi, sai dai in zura ta ta ƙarƙashin sandar tsakiya, kuma na yi dakon kwandon tumatir a kariya a kan hanyoyin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Don haka da mai shagon ya turo mini wani dogon baƙin keke mai nauyin gaske, ya buɗe baki zai fara bayani, sai na ɗaga masa hannu cikin ladabi na ce kada ya wahalar da kansa. Ya dube ni, ya ce to, ya juya wajen Bazazzagi.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa a nan aka fara zaluntata. A wajenmu idan baƙo ya ce kada a wahala, ai ba a biye masa, nacewa ake yi har sai ya karɓa, domin kowa ya san kara ce ta sa shi faɗa. Mutumin Holand kuwa abin da bakinka ya furta shi kaɗai yake ji, ba ya tona abin da ke ƙarƙashinsa.

Tun a ƙofar shagon na lura cewa babu hannun birki ko ɗaya a kan keken, ƙararrawa ce kaɗai, amma a matsayina na injiniya na yi wa lamarin nazari na gano dalili. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda tudunta mafi tsawo mita 322 ne kacal, shi ma can a lungun kudu maso gabas inda ta haɗa iyaka da Beljiyam da Jamus, to ƙasar da ba ta da gangara me za ta yi da birki? Kuma da farko nazarin ya tabbata, domin iska tana gabanmu, da zarar na daina taka feda sai keken ya tsaya da kansa, wani lokacin ma har ya nemi komawa da ni shagon.

Wurin dai ya cancanci a je a gani. Injina 19 ne a jere a gefen hanyoyin ruwa, galibinsu an gina su a 1738 da 1740, wasu da bulo, wasu da katako an lulluɓe su da jinka, kuma tun 1997 hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Har yanzu akwai iyalan da ke zaune a cikinsu, ga shanyar wanki nan a waje. Bazazzagi ya zaci dukkansu na niƙan hatsi ne, har yana waige-waigen inda masu kawo niƙa suke ajiye kwanukansu, sai na ga dama ta samu in wayar masa da kai. Na ce masa waɗannan ba sa niƙa komai, jigo ne kawai da ke aiki a juye. Iska ce ke juya fikafikan, fikafikan su juya wani ƙaton wili da ke ƙasa, shi kuma ya kwaso ruwan da aka tattaro daga gonaki ya ɗaga shi sama da mita 1 zuwa wata ma'ajiya, inda zai jira har kogin Lek ya ja baya, sannan a buɗe masa ƙofa ya fita.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, kuma na jaddada wa Bazazzagi shi da babbar murya don 'yan yawon buɗe idon da ke kusa su san da masani a wurin, shi ne su da kansu suka jawo wa kansu wannan aiki. Asalin yankin fadama ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da suka yi dubban shekaru suna taruwa, jiƙe sharkaf. Tun wajen ƙarni na 11 manoma suka fara haƙa dogayen lambatu don ruwa ya tsiyaye su sami wurin noma. To irin wannan ƙasa idan ta tsane sai ta motse, iska ta shige ta ta ci gaba da ruɓar da ita, sai doronta ya sauka. Da ya sauka sai ruwa ya sake tasowa, sai a ƙara zurfafa lambatu, sai ƙasa ta ƙara nutsewa, a haka a haka har aka wayi gari kogi ya fi gona tudu, ruwa ba zai fita da ƙafarsa ba sai an ɗauke shi. Shi ya sa a wasu wurare kana tsaye a gona za ka ɗaga kai ka ga kwalekwale yana wucewa ta samanka. Yanzu manyan famfunan zamani ne ke wannan aiki, amma ba a bar injinan iskar sun lalace ba, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da mai ya yi wuya, su aka koma wa.

Wata mai yi wa baƙi bayani ta ba mu almarar wurin, cewa a babbar ambaliyar 1421 ruwa ya kawo wani gadon jariri bakin ganuwa, wata kyanwa tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan don kada ya kife, jaririn kuma yana ciki yana barcinsa. Na yi murmushi na ce tatsuniya ce. Bazazzagi bai tanka ba, ashe ajiye ta ya yi don ranar amfani.

Bayan mun ɗauki hotunan da za su ishi uwargida da ƙawayenta, sai ya ce mu ɗan nausa cikin gonaki mu ga irin shanun da ake tatsar madarar gwangwanin da muka tashi muna sha da shayi. Hanyar siririya ce, gonakin dogaye ne tsukakku, kuma babu shinge ko ɗaya, domin ruwan da ke tsakaninsu ya ishe su shinge. Na yi ta haki da iska, tsofaffin mata masu kayan cefane suna wuce ni suna gaishe ni da kai, har Allah ya kawo mu wata kwana, iskar ta koma bayana. Nan take shaddata ta kumbura, keken ya kama gudun da ban sa shi ba. Na wuce Bazazzagi ina ɗaga masa hannu, na wuce tsofaffin da suka ci mini fuska, har na fara tunanin cewa lallai ƙasar nan ta fara gane ko ni wane ne.

Ina cikin wannan nishaɗi sai na hango wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, dangin dinya, sun baje a tsakiyar hanya da 'ya'yansu, namijin ya buɗe fikafikai yana huci. Daga bayansu kuma ga wata tawagar masu tseren keke cikin matsattsun kaya sun taho a guje suna ihu. Na matse hannun keke da dukkan ƙarfina, babu abin da ya motsa. Na kaɗa ƙararrawa, tsuntsun ya ƙara miƙe wuya. Na sauke ƙafafu ƙasa, takalmin fata ya yi ta sulɓi a kan kwalta. A hagu ruwa ne tsirara, kowa yana ganinsa. A dama kuwa wani shimfiɗaɗɗen fili ne kore shar, lafiyayye, babu ko tsinke a kansa. Duk mai hankalin da aka ba wannan zaɓi ciyawa zai ɗauka, kuma a kimiyyance ma ita ce za ta rage gudun taya a hankali, don haka cikin natsuwa da sanin ya kamata na karya kan keke na nufe ta.

Ashe kallon kitse aka sa ni na yi wa rogo. Lambatu ne cike da ruwa, wani ɗan tsiro ɗan'uwan kainuwa, wanda ganyensa bai fi ƙwayar dawa ba, ya rufe fuskarsa ruf, kamar yadda yake yi a wannan lokaci na shekara, musamman inda taki ya wadata a cikin ruwa. Tayar gaba ta shige ba sallama, sirdi ya cilla ni gaba, na ji kaina tsundum. Ruwan bai wuce ƙirji ba, amma abin da ke ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne mai laushi da ɗoyi, kuma duk ƙafar da na yunƙura na zaro sai ɗayar ta ƙara nutsewa, wato dai darasin da na gama karantar da Bazazzagi ne ya dawo ta kaina. Da ƙyar na ciro ta dama, ta fito babu takalmi. Hulata kuwa ta kama hanya a bisa ruwa cikin ƙasaita, ta nufi inda famfo ke ja. Shanu suka taho suka jeru a gaɓa suna tuƙa suna kallona. Ɗaya daga cikin masu tseren ya rage gudu ya tambaya ko lafiya nake, ni kuma bakina, bisa tarbiyyar da aka yi masa tun yarinta, ya ce lafiya lau. Sai ya ce madalla, suka wuce abinsu.

Bazazzagi ya ƙaraso, ya tsayar da kekensa cak ta wata hanya da ban gane ba, ya jingine shi a hankali, ya zaro waya.

"Sannu, Bakano. Wankan ne ba ka samu yi a gida ba, ko kuwa aikin gwaji malamai suka ba ka kai kaɗai?"

Na ce ya bar surutu ya miƙo hannu. Ya ce zai miƙo, amma in ɗan karkato tukuna, domin injin iska bai fito sosai a bayana ba. Ya kuma roƙe ni in yi masa bayani, a matsayina na masani, yadda aka yi kyanwa ta riƙe gado a kan ambaliya, amma Bakano mai digiri ya kasa riƙe keke a kan tudu.

Mai gonar ne ya cece ni, wani dattijo dogo sosai, kamar yawancin mutanen ƙasar, wanda ya taho da wata doguwar sanda mai ƙugiya. Ya dube ni, ya dubi keken, sai ya fara ciro keken, bisa hujjar cewa ni ina da hannaye shi ba shi da su. Da ya fito da ni bai ce sannu ba, bai ce Allah ya kiyaye gaba ba, godiya ya yi mini. Ya ce doka ce kowane mai gona ya share lambatunsa kafin kaka, lokacin da jami'an hukumar ruwa ke zagayen dubawa, ga shi na rage masa aikin wannan ɓangaren. Waɗannan hukumomi guda 21 ne a yau, tushen wasunsu tun ƙarni na 13 yake, kuma suna da zaɓensu da harajinsu daban da na gwamnati. Cikin fushi na tambaye shi me ya hana su kafa allon gargaɗi a bakin kowane lambatu. Ya ce da sai allunan su fi shanu yawa, don haka suka zaɓi koya wa yara iyo, har da jarrabawa da takardar shaida, kuma a cikin jarrabawar akwai faɗawa ruwa da tufafi da takalmi. Ya tambaye ni wace shaida nake da ita. Na ce ina da digiri a kan ruwa. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

Game da takalmina ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan taɓo adana fata yake yi. Ya ba ni misali da lardin Flevoland: bayan an toshe bakin tekun Zuiderzee a 1932 da ganuwa mai tsawon kilomita 32 bisa tsarin injiniya Cornelis Lely, aka tsotse ruwa aka fitar da sabuwar ƙasar da ta zama lardi a 1986, masu haƙa da manoma sun yi ta cin karo da ɗaruruwan jiragen ruwan da suka nutse tun da daɗewa, a tsakiyar gonakin dankali da alkama. Saboda haka, in ji shi, wata rana wani masani zai tono sau-cikina ya rubuta littafi a kansa. Sannan ya nuna mini birkin keken, wai feda ake takawa baya. Na ce masa a ina aka taɓa jin wanda ke son tsayawa ya kama komawa baya, ya ce a nan.

A gidansa aka ba ni ruwan zafi na yi wanka na biyu, aka ara mini wata shuɗiyar rigar aiki mai haɗe da wando, wadda sai da na naɗe ƙafafunta har gwiwa, da irin dangarafan nan nasu na katako. A bangon kicin akwai tsohon hoton wani gida da ruwa ya kai masa tagogi. Ya ce na 1953 ne, daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairu, lokacin da guguwa ta haɗu da cikar teku ganuwoyi suka ɓalle, mutum 1,836 suka rasu a ƙasar, kuma ruwan ya shigo har wannan yanki. Bayan nan ne aka shiga gagarumin aikin toshe bakunan kogunan kudu maso yamma, ciki har da shingen Oosterschelde mai ƙofofi 62 da aka buɗe a 1986. A nan har Bazazzagi sai da ya mayar da wayarsa aljihu na ɗan lokaci.

Matar gidan ta kawo kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo. Bazazzagi ya ɗauki ɗaya ba kunya ba tsoron Allah. Ni kuwa, da yunwar da ke biyo bayan wankan sanyi tana ƙwaƙular hanjina, na ce alhamdulillahi, a ƙoshe nake, ina jiran ta sake tayi. Ta ce to, ta rufe gwangwanin, ta mayar da shi saman kabad. Ƙarfe 6 na gabatowa, ƙamshin girki ya cika gidan, sai maigidan ya dubi agogo ya ce yanzu za su ci abinci, ya miƙe ya buɗe mana ƙofa. Na yi ta jan ƙafa a bakin ƙofar ko za a ce bismillah, amma abin da na samu shi ne leda mai ɗauke da abin da ya rage na shaddata, da adireshin da zan mayar da kayan aro.

A hanyar komawa, ina tura keke ina ƙwas-ƙwas da dangarafai a gaban injinan iska, wasu 'yan yawon buɗe ido suka tare ni suna roƙon su ɗauki hoto da ni, domin tun safe suke neman manomin gargajiya na asali ba su samu ba. Bazazzagi ya tabbatar musu cewa sun dace, gadon gidanmu ne tun kaka da kakanni. Kafin mu isa Rotterdam ya riga ya aika wa mutanen gida hoton cikin lambatu, kuma uwargida ta kira, tambayarta ta farko ita ce ko tabon zai fita daga shaddar.

Bayan wani lokaci wata takarda ta iso ɗakin da nake haya daga hukumar ruwa ta yankinmu, ta harajin kula da ganuwoyi da famfuna da tsabtace ruwa, wanda mazauna ƙasar ke biya kowace shekara. Na kai wa Bazazzagi na ce ya duba wannan rashin ta ido, ga shi lambatun da na faɗa ma ba a yankinsu yake ba. Ya karanta a tsanake, ya ninke, ya miƙo mini.

"Biya kawai, Bakano. Ko a Sabon Gari ba a shiga gidan wanka kyauta, balle kai da aka haɗa maka har da sabulun ganye."